HAKIN DA KA RAINA: BAWUL ƊIN RIGAR MASU NUTSO

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin membobinmu ya gabatar a zauren makaranta ranar taron shekara-shekara na ƙungiya, a sashen laccar kimiyya da aka keɓe domin ɗalibai. Mun buga shi kamar yadda ya gabatar da shi.

Bismillahir Rahmanir Rahim.



Da farko ina miƙa godiyata ga kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama ta tsayawa gaban malaman da suka koya mana karatu. Kwamiti ya nemi in yi magana a kan wani abu na kimiyya da zai nuna wa ƙannenmu cewa abin da ake rubuta masu a allo yana da aiki bayan an fita daga ɗakin jarrabawa. To, na zaɓi in yi magana a kan wani ɗan bawul da bai wuce cikin tafin hannu ba, wanda ke hura iska cikin rigar masu nutso a ƙarƙashin ruwa. Na san wani zai ce, ina ruwan mutumin tudu da kayan nutso? Amsa ita ce, muna da madatsun ruwa irin su Kainji da Shiroro da Tiga da Goronyo, muna da Kogin Kwara da Binuwai inda jiragen ruwa ke kifewa da mutane kusan kowace damina, kuma cikin ɗaliban nan da ke zaune akwai waɗanda gobe za su shiga sojan ruwa, ko aikin kashe gobara da ceto, ko aikin mai a teku. Akwai kuma waɗanda za su zauna a ofis su sa hannu a takardar sayen irin waɗannan kaya. Dukansu wannan magana ta shafe su.

Yadda kayan suke

Kayan nutson da ake kira sukuba, watau waɗanda mutum ke goya tukunyar iskarsa a baya ba tare da an jona shi da jirgi ba, sun samo siffarsu ta yanzu ne daga aikin wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Emile Gagnan, a shekarar 1943. Tukunyar nan iska ce zalla a cikinta irin wadda muke shaƙa, amma an matse ta har ninki 200 ko fiye na matsin iskar da ke kanmu yanzu. Don ku gane girman abin, iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce ninki biyu da ɗan wani abu ba. Saboda haka akan ɗaura wa bakin tukunyar regileta, mai kama da ta tukunyar gas ɗin girki, wadda ke rage matsin zuwa kamar ninki 10 bisa na ruwan da ke kewaye. Daga wannan regileta tiyo ɗaya kan tafi bakin mai nutso domin numfashi, wani kuma ya tafi ga rigar da muke magana a kai.

Mene ne amfanin rigar? Duk wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu ya ga yadda masunta ke kwantawa a kan gora ta riƙe su a saman ruwa. Dalilin shi ne abin da Arkimidis ya gano tun kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam: ruwa yana tura abu sama daidai nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka lita ɗaya ta iska a ƙarƙashin ruwa tana ɗaga kilo ɗaya. To, rigar mai nutso gora ce, sai dai gora ce da ake iya ƙara mata girma a rage mata. Wani Bafaranshe mai suna Maurice Fenzy ne ya fito da irinta ta farko da ta karɓu a shekarar 1961, ana rataya ta a wuya, tana da 'yar ƙaramar tukunyarta daban. Daga baya aka koma jona rigar da babbar tukunya kai tsaye, kamar yadda ake yi a yau.

Dole mai nutso ya riƙa ƙara iska yana ragewa, domin nauyinsa a ruwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana ɗaure da curin darma don ya iya nutsewa. Rigar roba ta kare sanyi da ke jikinsa tana motsewa in ya yi ƙasa, sai ya ƙara nauyi. Ita kanta iskar tukunya tana da nauyi: tukunya mai lita 12 da aka cika ninki 200 tana ɗauke da iska lita 2,400, mai nauyin kusan kilo 3, kuma yana shaƙe ta yana rage nauyi. Duk wannan daidaitawa da yatsun hannun hagu ake yin ta, a kan madannai biyu da ke ƙarshen wani tiyo mai ƙwarya-ƙwarya da ya sauko daga kafaɗa. Madanni ɗaya yana buɗe wa iskar tukunya hanya ta shiga riga, ɗayan yana fitar da ita, kuma ta nan ne ake iya hura rigar da baki in ta kama.

Ga wani abin da zai ba ku sha'awa. A bakin tiyon da ke kawo iska akwai ɗan bawul mai tsinke a tsakiya, kuma irin wanda ke jikin tayar mota ne, wanda mai faci ke warewa kullum a bakin titi. Sunansa bawul ɗin Schrader, daga sunan August Schrader, wani Bajamushe da ya buɗe shago a birnin Niyok na Amurka a 1844. Kafin kamfaninsa ya fito da bawul ɗin taya a 1891, kayan masu nutso yake ƙerawa, har da hular tagulla. Kun ga ke nan bawul ɗin ya fito daga gidan masu nutso, ya zaga duniya a jikin taya, ya kuma komo gida. A cikin madannin hurawa ma, wasu kamfanoni irin wannan bawul suke sawa, wasu kuma ɗan sanda mai zoben roba da sifirin. Ko wanne ne, hikimar ɗaya ce: yatsa ya danna ya buɗe, sifirin ya mayar ya rufe, roba ta toshe.

Ina haɗarin yake?

A nan ne za mu koma aji. Robert Boyle ya bayyana a 1662 cewa in aka ninka matsi a kan iska, girmanta zai ragu da rabi, in kuma aka rage matsin da rabi, girmanta zai ninka. A cikin teku, kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara matsi ninki ɗaya. A saman ruwa ninki 1 ne, a mita 10 ninki 2, a mita 20 ninki 3, a mita 30 ninki 4.

Ƙannena, ku yi wannan lissafi tare da ni. A ce mai nutso yana mita 30 da iska lita 4 a rigarsa. In ya taso zuwa mita 20, iskar ta zama lita 5 da sulusi. A mita 10 ta zama lita 8. A saman ruwa lita 16. Ku lura da abu biyu. Na farko, yana tasowa iskar na kumbura, tana kumbura tana ƙara jan sa sama, yana ƙara sama tana ƙara kumbura, watau abin yana ciyar da kansa, kamar mota ce ta kama gangara babu birki. Na biyu, ninkawar da ta fi muni tana cikin mita 10 na ƙarshe, daidai inda mutum zai ɗauka ya tsira. To, duk wannan lissafi mun yi shi ne ba a ƙara ko ɗigon iska ba. Ina ga in bawul ya maƙale a buɗe, yana ta tura iska cikin rigar da za ta iya ɗaga kilo 15 ko 20, wadda kuma daƙiƙu kaɗan sun isa a cika ta?

Me ya sa tasowa da sauri ke kisa? Dalili biyu ne. Huhun mutum ma jaka ce ta iska. Wanda ya cika huhunsa a mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta nemi wurin da ya ninka huhun, sai ta yaga shi, kumfar iska ta shiga jini ta wuce ƙwaƙwalwa. Wannan yana iya faruwa ko a zurfin da bai kai mita 2 ba. Dalili na biyu shi ne iskar naitirojin da ke narkewa cikin jini da tsoka a ƙarƙashin matsi. Kamar kwalbar lemo ce: in ka buɗe a hankali sai ta yi tsit, in ka girgiza ka fizge murfin sai kumfa ta tashi. Wannan kumfa a jikin mutum tana kawo ciwon gaɓoɓi, da shanyewar jiki, har da mutuwa. Masanin nan na Faransa, Paul Bert, ya bayyana sanadin ciwon a 1878, sannan John Scott Haldane na Birtaniya ya tsara jadawalin tasowa daki-daki a 1908. Sojan ruwan Amurka sun daɗe suna tasowa mita 18 a minti ɗaya, amma a 1993 suka rage zuwa mita 9. Har ila yau ana koya wa masu nutso su dakata minti 3 a zurfin mita 5 kafin su fito.

Muna da misali a nan gida. Ranar 26 ga Mayu, 2013, wani jirgin jan kaya mai suna Jascon-4 ya kife a tekun da ke gaban Escravos, ya kwanta a zurfin kamar mita 30. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya rayu kusan awa 60 a wani lungu da iska ta maƙale, shi kaɗai Allah ya kuɓutar. Da masu nutso suka same shi, ba su ja shi sama ba, domin da sun yi haka da sun kashe shi da hannunsu. Sai da aka sa shi cikin ɗakin matsi aka riƙa rage masa matsin a hankali har fiye da kwana biyu. Tafiyar mita 30, wadda ba ta kai daga nan zuwa ƙofar makaranta ba. Wannan ita ce tafiyar da maƙalallen bawul ke iya yi da mutum cikin ƙasa da minti ɗaya.

Hanyoyin da bawul ke ɓaci

Ɓacin iri uku ne, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, bawul ya ƙi hurawa, ko don tiyon bai shiga daidai ba, ko ya zare, ko hanyar ta toshe. Wannan shi ne mai sauƙi, domin an tanadi hura riga da baki, mutum na iya yin iyo da ƙafa ya taso, kuma in ya isa sama nauyi ya rinjaye shi sai ya kwance darmar ya yar. Abin baƙin ciki, bincike ya sha nuna cewa mafi yawan masu nutson da aka tsamo gawarsu, darmar na nan ɗaure a ƙugunsu.

Na biyu, yoyo a hankali. Madanni ya koma wurinsa amma robar ba ta toshe sosai ba, iska na silalewa cikin riga kaɗan-kaɗan. Mai nutso sai ya ga yana ta rage iska alhali bai ƙara ba. Wannan gargaɗi ne, kuma mai hankali a nan yake yanke nutson ya taso cikin natsuwa, domin ruwa ba ya tsami banza.

Na uku, wanda ya fi kowanne, shi ne madanni ya maƙale a danne. A irin wannan hali abin da ake koyarwa shi ne mutum ya zare tiyon iskar nan take, yana kuma fitar da iskar riga ta bawul ɗin kafaɗa, ya baje hannuwa da ƙafafu don ruwa ya rage masa gudu, kuma kada ya kuskura ya riƙe numfashi. Da zarar an zare tiyon, ɗan bawul ɗin nan na taya sai ya rufe bakinsa, iskar tukunya ba za ta zube ba. A baki abin da sauƙi. Amma zare tiyo mai ɗauke da matsi yana buƙatar yatsu masu ƙarfi, ga safar hannu, ga sanyi, ga duhun ruwa, ga firgita. Wanda bai saba yi ba a tafkin koyo, ba ranar zai koya ba. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Me ke jawo ɓacin? Abubuwan da kowa ya raina ne. Ruwan teku in ya bushe yakan bar ƙwayoyin gishiri, su taru su riƙe madanni. Yashi ko taɓo yakan shiga tsakanin roba da mazauninta, kuma ƙwayar yashi ɗaya ta isa. Ƙarfen ciki yakan yi tsatsa ko koren dattin nan na tagulla. Zoben roba yakan bushe ya tsage, sifirin ya saki. A ƙasashen sanyi kuma, iska in ta fita da ƙarfi tana ƙara sanyi, sai ruwan da ke cikin bawul ya daskare ya riƙe shi a buɗe. Akwai kuma kuskuren ƙira daga masana'anta, wanda ya sa kamfanoni suka sha janye irin waɗannan bawuloli daga kasuwa ta hannun hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka. Amma wannan kaɗan ne in an gwada da sakaci.

Shin abin dogaro ne?

Kada jawabina ya sa ku ɗauka cewa bawul ɗin nan tarko ne. Bil hasali ma, yana cikin na'urorin da suka fi sauƙin ƙira da jure aiki, kuma ana nutso miliyoyi a kowace shekara ba tare da ya ba da matsala ba. Ƙungiyar nan mai suna Divers Alert Network, wadda aka kafa a Jami'ar Duke ta Amurka a 1980, ta nazarci mutuwar masu nutso 947 da ta auku tsakanin 1992 da 2003, aka buga sakamakon a 2008. A inda aka gano mafarin haɗarin, kashi 41 cikin ɗari ƙarewar iska ce, kashi 20 sarƙewa ce cikin wani abu, kashi 15 kuma matsalar kayan aiki, kuma wannan ya haɗa da dukan kayan, ba bawul kaɗai ba. Ma'ana, wanda bai duba agogon iskarsa ba ya fi wanda kayansa suka ɓaci yawa nesa ba kusa ba.

Saboda haka amsar da zan bayar ita ce: bawul ɗin abin dogaro ne gwargwadon kulawar da aka yi masa. Ita kuwa kulawar ba wani abu ba ce mai tsada. Bayan kowane nutso a jiƙa shi cikin ruwa mai daɗi, a daddanna madannan har gishiri da yashi su fita, a kuma ɗauraye cikin rigar kanta. A ajiye ta a inuwa da 'yar iska a ciki. Kada a shafa masa baƙin mai ko giris na mota, domin suna cin roba, akwai man silikon da aka yi don haka. A kai wa ƙwararre ya buɗe shi ya sake robobin bisa wa'adin da kamfani ya sa, wanda galibi shekara-shekara ne. Kafin a shiga ruwa kuma, a jona tiyo, a danna a saki a ga ko ya tsaya cak, a kasa kunne a ji ko yana tsiyaya, a bar rigar 'yan mintoci a ga ko za ta kumbura da kanta, sannan abokin nutso ya sake dubawa. Bawul ɗin da ya yi gardama a kan tudu ba ya shiryuwa a cikin ruwa. Kuɗin sabo kuwa bai taka kara ya karya ba in an gwada da kuɗin tukunya da regileta.

Abin da ya shafe mu

Ya ku 'yan uwana ma'aikata, a nan nake son mu duba kanmu. Mun iya sayen kaya. In haɗari ya auku aka yi asarar rayuka, nan da nan za a kafa kwamiti, a ba da kwangila, a kawo kaya masu sheƙi, a ɗauki hoto, a kai su sito a kulle. A cikin kasafin ba za ka ga layin zoben roba ba, ba za ka ga na horar da wanda zai gyara ba, ba za ka ga na atisaye ba. Kayan kuwa an yi su ne da roba, ga zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano, ga ƙurar hunturu. Ruwanmu ba na gishiri ba ne, gaskiya ne, amma ruwan damina na kogunanmu cike yake da taɓo da yashi, kuma mai nutso a ciki ba ya ganin ko tafin hannunsa, da lalube zai nemi tiyon nan. Ranar da aka buɗe siton da gaggawa bayan shekara uku aka goya wa wani bawan Allah kayan, rayuwarsa tana hannun wanda ya tsara kasafin nan, ko da bai taɓa sa ƙafa a ruwa ba.

Saboda haka in takardar sayen irin waɗannan kaya ta zo teburin ɗayanmu, ina roƙon ya yi tambaya uku kafin ya sa hannu. Wa zai riƙa duba su, kuma yaushe? Ina kayan canjinsu? Su waye aka horar, kuma sau nawa za su riƙa shiga ruwa domin gwaji? Kazalika kada mu manta da masuntanmu da Sarkawanmu, waɗanda su ne ke fara faɗawa ruwa in jirgi ya kife. Sun san kogi fiye da kowa, amma nutso da numfashi ɗaya daban yake da nutso da matsattsiyar iska. Mai riƙe numfashi daga sama ya ɗebi iskarsa, in ya dawo ba za ta wuce yadda ya ɗebe ta ba. Wanda ya shaƙa daga tukunya a ƙasa kuwa, riƙe numfashin da ya saba da shi tun yana yaro shi ne zai halaka shi. Miƙa wa gwanin ruwa tukunya ba tare da horo ba zalunci ne, ba taimako ba.

Ku kuma ƙannena ɗalibai, wannan jawabi ba lasisin nutso ba ne, sana'ar tana da malamanta da makarantunta. Abin da nake so ku tafi da shi shi ne, dokar Boyle da kuke haddacewa saboda jarrabawa ita ce ke aiki a huhun mutum a mita 10, ba ta kuma yi wa kowa sassauci. Ku riƙe lissafinku da kimiyyarku da kyau, ku kuma saba da duba ƙananan abubuwa, domin hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

 Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu da cikinmu, ya tsare masu aikin ceto a ruwa da tudu, ya mai da kowa gidansa lafiya.